Waiwaye: Tun yaushe Kiristoci ke gardama kan wasannin Girkawa?

A makarantun Kirista, musamman a Amurka, ana ta kai ruwa rana kan ko ya dace a koyar da yara wasannin ban tausayi na tsoffin Girkawa. Wasu iyaye na tambayar me ya haɗa 'ya'yansu da labarin Odifus, wanda ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba, ko Midiya da ta hallaka 'ya'yanta. Malamai kuma na cewa a irin waɗannan labarai ne yaro ke ganin inda girman kai da ramuwar gayya ke kai mutum. Wannan gardama ta haura shekara 1,800.

Farkon labarin sananne ne. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, Eskilus da Sofokilis da Yurifidis sun rubuta wasanninsu don bikin gunkin Diyonisus a Atina. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, marubucin Kirista na birnin Kartaj a Arewacin Afirka, ya hori Kiristoci su ƙaurace wa dandalin wasa. Daga baya Agustin, babban malamin Kirista, shi ma ya yi nadamar hawayen da ya zubar a can yana saurayi.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shekara ta 362. Sarkin Rum Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma addinin kakanninsa, ya hana malamai Kiristoci koyar da adabin Girkawa. Hujjarsa ita ce bai kamata mutum ya karantar da abin da bai yi imani da shi ba. Ya ce wanda ya ƙi allolin mawaƙan Girkawa ya tafi coci ya karantar da Matiyu da Luka. Kusan abin da masu ra'ayin Tartuliyan ke faɗi ke nan, don haka sai a zaci Kiristoci za su yi murna. Ina! Sai suka ce an yi musu ƙwace. A lokacin babu wata hanyar koyon nahawu da iya magana sai ta waɗannan littattafai, kuma wanda bai bi ta nan ba, ba shi ba aikin lauya ko muƙamin gwamnati. Mariyus Biktorinus, malami Kirista, ya ajiye aikin koyarwa a Rum. Girigori na Naziyanzus, wani malamin coci, ya rubuta raddi mai zafi, yana cewa harshen Girkanci ba gadon masu bautar gumaka ba ne su kaɗai. A birnin Lawudikiya na Siriya kuwa, wani uba da ɗansa, dukansu masu suna Afolinaris, suka zauna suna zuba labaran Littafi Mai Tsarki a salon Homa, babban mawaƙin Girkawa, da na Yurifidis, don yara su samu abin karantawa.

Juliyan ya rasu a yaƙin Farisa a 363, dokar ta faɗi. Sai malaman suka ajiye littattafan Afolinaris, har suka ɓace, suka koma kan Yurifidis na ainihi. Matsalar dai ita ce: ana ƙyamar dandali, ana buƙatar littafin.

Marubutan Kirista na daular Rum ta Gabas ne suka ci gaba da kwafar wasannin da hannu, shi ya sa bakwai na Eskilus da bakwai na Sofokilis suka iso mana. Wani daga cikinsu ma ya tsinto baitocin Yurifidis ya haɗa wasa kan gicciye Almasihu, inda Maryamu ke makoki da kalaman Midiya. Da wannan wasa ne masana ke cike wani giɓi da ya ɓata a wasan da Yurifidis ya rubuta kan Diyonisus.