Inda doka ta yarda a kwana a gandun Vanoise

Mai shirin zaga tsaunukan Vanoise da ƙafa, a yankin Savoie na kudu maso gabashin Faransa, yakan fara da lissafin ƙarfin gwiwarsa da nauyin jakarsa. Amma abin da zai tsara masa zango ba ƙafarsa ba ce, doka ce. Zagayen da ya fi shahara, wanda ke kewaye dusar ƙanƙarar da ta daskare a tsakiyar gandun, yakan ci kwana biyar zuwa bakwai daga ƙauyen Pralognan, kuma a kowane dare akwai inda aka yarda ka sa haƙarƙarinka da inda ba a yarda ba.

An kafa gandun a 1963, shi ne gandun dajin ƙasa na farko a Faransa. Babban dalilin kafa shi shi ne ceto akuyar dutse mai manyan ƙahoni, wadda maharba suka kusa ƙarar da ita. A hayin iyaka, Italiya ta riga ta buɗe gandun Gran Paradiso tun 1922 saboda wannan dabba, sai dai ita akuya ba ta san iyaka ba: a wancan lokacin in ta tsallako ɓangaren Faransa babu mai kare ta. Wata doka ta 2006 ta raba kowane gandun ƙasa gida biyu. Akwai "zuciya", inda ƙa'idoji masu tsauri ke aiki, akwai kuma kewayen da garuruwa ke shiga yarjejeniya bisa son ransu. Zuciyar Vanoise ta haura murabba'in kilomita 500, kuma za ka san ka shiga cikinta idan ka ga an shafa shuɗi, fari da ja a jikin duwatsu. Daga nan komai ya canza.

Kafa sansani haramun ne a cikin zuciya. Abin da aka bari shi ne kwanan dare ɗaya a ƙaramin tanti, shi ma da sharuɗɗa: daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, a gefen wasu masaukan matafiya na kan dutse da aka ware kawai, bayan ka nemi wuri a wajen mai kula da masaukin. Ana kafa tantin daga ƙarfe 7 na yamma, a naɗe shi kafin 8 na safe, kuma dole ya zama gajeren da mutum ba zai iya miƙewa tsaye a cikinsa ba. Ka ga kyakkyawan tafki da magariba, ƙafarka ta yi nauyi, ciyawa ga ta nan a shimfiɗe? Haƙuri za ka yi ka ƙarasa.

A nan ne baƙi da yawa ke tuntuɓe, domin ba haka abin yake a maƙwabta ba. A gandun Écrins da na Mercantour an yarda ka kwana daga 7 na yamma zuwa 9 na safe a mafi yawan wurare, muddin ka yi nisan tafiyar awa ɗaya daga titi ko bakin iyaka. Wanda ya saba da can ya zo Vanoise da wannan tunani, ma'aikatan gandun, waɗanda doka ta ba ikon rubuta tara, za su iya tashinsa.

Ni dai ina ganin tsaurin Vanoise ya fi dacewa, duk da na san yana ɓata wa masu son kaɗaici rai. Damina a saman tsauni gajeriya ce ƙwarai. Dabbobin nan 'yan watanni gare su su tara kitsen da zai kai su ƙarshen hunturu, kuma asuba da almuru ne lokacin kiwonsu. Tanti ɗaya a bakin ruwa ya isa ya hana garke saukowa. Idan aka tara mutane a wuri guda, da bahayarsu da fitilunsu da surutunsu, sauran dajin ya zama na masu shi har gari ya waye. Masaukin dutse ba otal ba ne da aka gina don jin daɗinka kawai. Da shi ake killace ɓarnar da ɗan Adam ke yi ko da bai yi niyya ba.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta. Ba a hura wuta. Ba a tsinkar fure ko ɗaukar dutse don tsaraba. Ba a tashin jirgi mara matuƙi. Shararka kuma kai za ka sauko da ita, domin masaukai da dama jirgi mai saukar ungulu ne ke kai musu kaya.

Batun kare ne ya fi jawo gardama. Ba a shiga zuciya da kare, ko da yana ɗaure da igiya, saboda warinsa kaɗai na firgita namun daji, kuma yana iya kai musu cuta. An keɓe karen da ke yi wa makaho jagora da karnukan makiyaya. Waɗannan na ƙarshe za ka gamu da su, manya farare masu gadin tumaki, tun da kyarkeci ya dawo Faransa a 1992. In ɗaya ya taso maka da haushi, ka tsaya, kada ka ruga, kada ka ɗaga sanda, sannan ka kewaye garken daga nesa.

A cikin masaukin kansa, irin na mashigin Vanoise da ke tsayin mita 2,500 da ɗoriya a gindin dutsen Grande Casse mai mita 3,855, al'ada ce ke mulki fiye da doka. Takalmin tafiya a ƙofa ake barinsa, kowa ya zo da siririn mayafin da zai shiga ƙarƙashin bargo, abincin dare kuma tare ake ci wajen ƙarfe 7. A Yuli da Agusta gadaje kan ƙare da wuri, don haka ake kama wuri tun makonni kafin tafiya. Idan shirinka ya rushe, ka kira ka sanar. Mai masaukin da ya ga dare ya yi ba ka iso ba zai iya ɗauka ka faɗa rami, ya tayar da masu ceto.