Kai ɗalibai Japan da Koriya ta Kudu don ganin al'adu: tambayoyin da iyaye da malamai ke yi

Yaran yanzu sun san Japan da Koriya ta Kudu tun kafin su iya nuna su a taswira. Sun san su ta motar Toyota da wayar Samsung, ta zane-zanen talabijin na Japan da fina-finan Koriya masu dogon zango. Shi ya sa makarantu a ƙasashe da dama suke shirya wa ɗalibansu tafiyar mako ɗaya ko biyu zuwa can. Tafiyar tana da tsada da nisa, don haka duk uban da aka kawo wa takardar amincewa ya sa hannu yana da haƙƙin ya yi tambaya.

Me yaro zai samu a can wanda ba zai samu a littafi ko a waya ba?

Zai ga yadda mutane ke tafiyar da rayuwarsu ta yau da kullum, kuma wannan ba ya fitowa a hoto. Zai shiga jirgin ƙasa cike maƙil da jama'a amma ba ka jin muryar kowa, ba mai amsa waya. Zai nemi kwandon shara a titin Tokiyo ya rasa, sannan ya lura titin tas yake, domin kowa yana riƙe da shararsa har ya isa gida. Zai ga ƙananan yara 'yan firamare suna tafiya makaranta su kaɗai a ƙafa ko a jirgi. Ɗalibin da ya ga waɗannan da idonsa zai fara tambayar kansa dalili, kuma wannan tambayar ita ce ribar tafiyar.

Su kansu ƙasashen biyu sun daɗe da ɗaukar tafiyar makaranta a matsayin darasi. A Japan al'adar ta faro tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau kusan kowane ɗalibi yana yin irin wannan tafiya ta kwanaki kafin ya gama makaranta, galibi zuwa Kiyoto da Nara ko Hiroshima. Saboda haka gidajen tarihi da masaukai da tashoshin jirgi duk sun saba karɓar ayarin ɗalibai.

Ai Japan da Koriya kusan abu ɗaya ne, me ya sa za a je duka biyun?

Wannan ita ce maganar da ya kamata malami ya cire daga kan ɗalibansa tun kafin a hau jirgi, domin faɗin ta a gaban ɗan Koriya na iya ɓata masa rai ƙwarai. Harsunansu daban ne, ɗaya ba ya jin ɗaya. Rubutunsu ma daban. Bajapane yana haɗa salon rubutu uku: hiragana da katakana, kowanne da alamomi 46, sai kanji da aka aro daga Sin, wanda ake son ɗalibi ya san fiye da 2,000 kafin ya gama sakandare. Koriya kuwa tana da Hangul, haruffan da Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443 aka ƙaddamar a 1446, da nufin talaka ma ya iya karatu. Yau haruffa 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, kuma ɗalibi mai himma zai iya koyon karanta su cikin 'yan kwanaki. Ina ganin babu shirin tafiya da ya fi wannan amfani: yaro ya sauka a Seul yana iya haɗa sunan tashar jirgi da kansa.

Akwai kuma tarihi mai ɗaci tsakaninsu. Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945, ta tilasta wa mutane amfani da harshenta da sunayenta a ƙarshen mulkin, ta kwashi ma'aikata da mata a lokacin yaƙin duniya na biyu. Har gobe maganar tana tayar da jijiyoyin wuya tsakanin gwamnatocin biyu. Ɗalibin da ya fito daga ƙasar da Turawa suka yi wa mulkin mallaka ba zai sha wahalar fahimtar wannan ciwo ba, in dai an yi masa bayani. Zuwa ƙasashen biyu a tafiya guda yana ba shi damar jin labari ɗaya daga bakuna biyu. Nisan ma ba wani abu ba ne, kusan awa biyu da rabi a jirgin sama daga Tokiyo zuwa Seul, kuma akwai jirgin ruwa tsakanin birnin Fukuoka na Japan da Busan na Koriya.

Waɗanne wurare ake kai su?

A Japan, hanyar da aka fi bi ita ce Tokiyo, sai a hau Shinkansen, jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ya fara aiki a 1964, a isa Kiyoto cikin awa biyu da 'yan mintuna. Kiyoto ta kasance mazaunin sarki tun 794, sama da shekara dubu. Kusa da ita akwai Nara, wadda ta zama babban birni a 710, inda barewa ke yawo cikin jama'a ba sa tsoron kowa.

Sai Hiroshima. A nan ne Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta 1945. A gidan tarihin zaman lafiya na birnin akwai kayan makaranta na yaran da suka mutu a ranar: riguna da suka ƙone, kwanon abincin da ya zama gawayi. A filin da ke waje akwai abin tunawa da Sadako Sasaki, yarinyar da cutar sankarar jini ta kashe a 1955 sakamakon bam ɗin, wadda ta riƙa naɗe takarda tana yin siffar tsuntsaye a gadon asibiti. Makarantu daga ko'ina suna kawo irin waɗannan tsuntsayen takarda su ajiye. Bai kamata a kai yara nan a gurguje tsakanin cin abinci da sayayya ba. A ba su wuni, a kuma zauna da su da daddare su faɗi abin da ke ransu.

A Koriya akwai fadar Gyeongbokgung a Seul, wadda aka gina a 1395 a farkon daular Joseon, kuma duk wanda ya sa hanbok, tufafin gargajiyar ƙasar, yana shiga kyauta. Akwai Gyeongju, tsohon birnin daular Silla. Akwai kuma iyakar da ta raba Koriya ta Kudu da ta Arewa, zirin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 250 da faɗin kilomita 4, wanda aka shata bayan yaƙin 1950 zuwa 1953. Yarjejeniyar tsagaita wuta kawai aka sa wa hannu, ba ta zaman lafiya ba, kuma har yau akwai dangin da iyakar ta raba.

To mene ne ya fi muhimmanci a cikin shirin?

Wuni ɗaya a cikin wata makaranta, tare da kwana a gidan iyalin wani ɗalibi in an samu hali. Idan kamfanin da ke shirya tafiyar bai sa wannan ba, to yawon shaƙatawa kawai yake sayarwa da sunan ilimi.

A makarantar Japan, baƙo zai cire takalminsa a bakin ƙofa ya sa na cikin gida. Da azahar, a firamare da yawancin ƙananan sakandare, ɗalibai ne da kansu ke ɗaura farin kyalle su ɗauko abinci su raba wa 'yan ajinsu, malami ya zauna ya ci tare da su. Bayan nan kowa ya ɗauki tsintsiya da tsumma, a share aji da baranda, a wasu makarantun har da banɗaki. Shara ba baƙuwa ba ce ga ɗalibanmu, amma a wurinmu sau da yawa horo ce ga wanda ya makara ko aikin ƙananan aji. A can aikin kowa ne, kullum, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka.

Sai dai kada a nuna wa yara gefe ɗaya. A Koriya ɗalibai da yawa suna tashi daga makaranta su wuce makarantun ƙarin darasi masu zaman kansu har dare. Jarrabawar shiga jami'a da ake yi a watan Nuwamba tana da nauyin da har ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama yayin da ake sashen sauraren Turanci. Iyaye da masana a can suna kukan irin matsin da wannan ke jefa matasa a ciki. Idan ɗalibanmu suka zauna da tsararrakinsu suka ji wannan daga bakinsu, za su dawo da sanin cewa ci gaban da suke sha'awa yana da nasa farashin.

Yaya batun abincin halal da salla?

Yana yiwuwa, amma sai da shiri. Naman alade ya yawaita a girkin ƙasashen biyu, kuma ba kullum ake ganin sa ba: yana ɓoye a romon taliyar ramen da cikin kayan ƙwalama. A Japan ana zuba mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, a miya da yawa. Don haka cewa "kifi kawai zan ci" bai wadatar ba. A sanar da masauki da gidan da yaro zai kwana tun da wuri, a rubuce, cikin harshensu. Manyan birane suna da gidajen abincin halal, musamman unguwar Itaewon a Seul, inda babban masallacin birnin yake tun 1976. A Tokiyo akwai masallacin Tokyo Camii mai ginin Turkiyya, a Kobe kuma akwai masallacin da aka gina a 1935, wanda ya tsira daga yaƙin duniya na biyu da girgizar ƙasar 1995. Manyan filayen jiragen sama suna da ɗakin salla.

A tuna wa yara cewa alƙibla a can tana wajen yamma ne, ba gabas ba kamar yadda suka saba, kuma agogon ƙasashen biyu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa takwas. Wani abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne wurin wanka na jama'a. A masaukan gargajiya na Japan ana shiga wanka tare ba tufafi, maza daban mata daban. A nemi ɗakuna masu makewayi a ciki tun wajen kama masauki.

Ba za a sa su bautar gumaka ba?

Babu mai tilasta wa baƙo. Yawancin tsofaffin gine-ginen da ake ziyarta wuraren ibadar addinin Buddha ne ko na Shinto, addinin gargajiyar Japan, kuma dubban mutane suna shiga don kallon gini da tarihi kawai. Malami ya gaya wa mai yi musu jagora tun farko cewa ɗalibansa za su kalla amma ba za su yi addu'a ko jefa kuɗi a akwatin hadaya ba, za a girmama hakan. Su ma yaran su girmama masu ibada, ba dariya, ba ɗaga murya.

Ladubban yau da kullum ba za su yi wa ɗan Hausa wuya ba. A Koriya ana miƙa wa babba abu da hannu biyu, ba a fara cin abinci kafin dattijo ya fara. A ƙasashen biyu ana ɗan sunkuyar da kai wajen gaisuwa, ana cire takalmi kafin shiga gida, kuma ba a soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin hakan na da alaƙa da al'adun mamaci.

Akwai haɗari?

Ta fuskar sata da fashi, ƙasashen biyu suna cikin mafi kwanciyar hankali a duniya. Amma Koriya tana ɗauke da tabon da kowane mai shirya tafiyar ɗalibai ya kamata ya sani. Ranar 16 ga Afrilu 2014 jirgin ruwan Sewol ya kife a hanyarsa ta zuwa tsibirin Jeju. Mutum 304 suka rasu, 250 daga cikinsu ɗaliban sakandare ɗaya ne daga birnin Ansan da ke tafiyar makaranta. An yi wa jirgin lodin da ya wuce ƙima, ba a ɗaure kayan da kyau ba, kuma aka yi ta sanar da yaran su zauna inda suke yayin da kyaftin ɗin ya tsere. Saboda haka uba ya tambaya: malamai nawa ne za su raka yaran, wa ke da alhakin ƙirga su a kowace tasha, akwai inshorar lafiya, me aka koya musu su yi in an rabu?

Japan ƙasar girgizar ƙasa ce, don haka a koya wa yara su shiga ƙarƙashin tebur su kare kansu in ta fara. Lambar motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119 ce a ƙasashen biyu, ta 'yan sanda kuwa 110 a Japan, 112 a Koriya. Japan tana da tsauri kan magunguna, har wasu na mura da ake saya a kemis a wasu ƙasashe haramun ne shiga da su, don haka yaron da ke shan magani ya tafi da takardar likita, a kuma tambayi ofishin jakadanci.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Ƙarshen Maris zuwa Mayu, ko Oktoba zuwa Nuwamba. Yuni da Yuli damina ce, Agusta zafi ne mai gumi ga guguwar teku, hunturu kuma sanyinsa ya wuce duk abin da yaranmu suka sani, musamman a Seul. A duba kalandar makarantun can: shekarar karatu tana farawa a Afrilu a Japan, a Maris a Koriya, kuma zuwa lokacin hutunsu yana nufin ba ajin da za a shiga.

Daga Najeriya ko Nijar, ta yaya ake zuwa, kuma wanda ba shi da hali fa?

Ana buƙatar biza ta kowace ƙasa daban, kuma dukkansu suna da ofishin jakadanci a Abuja. Babu jirgi kai tsaye, sai an yada zango a wurare irin su Addis Ababa ko Doha ko Istanbul, tafiyar takan ci kusan kwana guda. A fara neman takardu watanni kafin lokaci, tare da wasiƙar gayyata daga makarantar da za a ziyarta da amincewar iyaye a rubuce.

Kuɗin jirgi kaɗai ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma bai dace makaranta ta sa yaron da iyayensa ba su iya biya ba ya ji ya kasa 'yan'uwansa. Akwai wasu ƙofofin. Hukumar kimiyya da fasaha ta Japan tana da shirin Sakura Science, wanda tun 2014 yake gayyatar matasa ziyarar 'yan kwanaki. Ga waɗanda suka gama sakandare ko jami'a akwai tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT da na gwamnatin Koriya da ake kira GKS, ana neman su ta ofisoshin jakadanci. A Abuja akwai Cibiyar Al'adun Koriya, inda ake koyar da harshen da wasan taikwando. Makarantar da ba ta da kuɗin jirgi tana iya fara ƙulla zumunci da wata makaranta a can ta intanet, aji da aji, a tsara ganawar da sassafe a nan lokacin da su suke dab da tashi.