Abin da doka ta ce kan harbin barewa da baka a jihar Kolorado

A tsaunukan yammacin Amurka akwai wata barewa mai manyan kunnuwa kamar na alfadari. Namijinta yana da ƙahoni masu rassa da yake zubarwa kowace shekara, wasu su sake fitowa. Jihar Kolorado na cikin wuraren da aka fi samunta, kuma har gobe mutane na binta da baka da kibiya. Sai dai a can ba a ɗaukar kwari da baka a faɗa daji haka siddan. Doka ta ɗauki namun daji a matsayin dukiyar jama'a, gwamnatin jiha ce ke riƙe da amanarsu, don haka ko a gonarka barewa ta shigo, ba taka ba ce.

Matakin farko shi ne lasisi. Tun daga 1999, bayan yawan barewar ya ragu, Kolorado ta daina sayar da lasisinta ga duk wanda ya zo da kuɗi. Hukumar kula da namun daji ta jihar ta raba ƙasar gunduma-gunduma, kowace gunduma da adadin lasisin da za a fitar. Mai nema zai cike takarda kafin wa'adi ya cika a farkon watan Afrilu, ya zaɓi gunduma, da makamin da zai yi amfani da shi, da ko namiji yake so ko mace, sannan a jefa ƙuri'a. Wanda bai samu zaɓinsa na farko ba ana rubuta masa maki ɗaya, makin ya yi ta taruwa yana matso da shi gaba. Akwai gundumomin da ake jira sama da shekara goma kafin a dace. Baƙo daga wata jiha ma zai iya nema, amma kuɗinsa ya ninka na ɗan gida sau da yawa. Duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Janairun 1949 kuwa, sai ya nuna shaidar cewa ya yi kwas na koyon ƙa'idojin farauta.

Kakar masu baka tana zuwa ne a watan Satumba, kafin manyan kakannin masu bindiga. Ana fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, a daina rabin sa'a bayan faɗuwarta.

Shi kansa bakan akwai sharuɗɗa a kansa. Ƙarfin jan tsarkiya kada ya gaza laba 35, wato kusan kilo 16. Kan kibiya ya zama yana da aƙalla kaifi biyu na ƙarfe, faɗinsa kada ya gaza kusan santimita 2.2. Dalilin a fili yake: baka marar ƙarfi ko kibiya siririya za ta raunata dabba ne kawai, ta tafi ta mutu a wahale inda ba wanda zai same ta. Bakan nan da ake ɗanawa a harba kamar bindiga ba a yarda da shi a wannan kaka ba, sai ga mai lalurar jiki da ya samu izini na musamman. An hana kibiya mai fashewa, an kuma hana dafi, abin da zai ba maharban ƙasar Hausa mamaki, tunda a wurinsu dafin ne rabin aikin kibiya.

Abubuwan da aka haramta su ne suka tsara yadda farautar take. Ba a zuba gishiri ko hatsi don janyo barewa. Ba a sakin karnuka su koro ta. Ba a haska mata fitila da dare, ba a tayar da jirgi marar matuƙi ya leƙo inda take, ba a harbi daga kan titi ko a harba kibiya ta tsallake shi. Da aka toshe waɗannan hanyoyi, abin da ya rage wa maharbi shi ne ido, da haƙuri, da sanɗa. Yakan hau wani tudu tun da asuba da madubin hangen nesa, ya zauna yana duba gangaren dutse har ya hango namiji yana kiwo. Ba ya motsawa sai rana ta ɗaga, barewar ta samu inuwa ta kwanta. Sannan ya zagayo, wani lokaci tafiyar sa'o'i, yana lura da iska: a tsauni iska takan hau sama idan rana ta yi zafi, ta gangaro idan gari ya yi sanyi, kuma da zarar ta kai warin mutum hancin barewa, zance ya ƙare. Da yawa sukan cire takalma su ƙarasa da safa, domin waɗannan kunnuwa ba na ado ba ne. Sai ya matso kamar mita talatin ko arba'in kafin ya ja tsarkiya, kuma sau da yawa barewar ce ke yin nasara. A ganina haka dokar take so.

Filin farauta ma da ƙa'idarsa. Dazukan gwamnati a buɗe suke, amma shiga filin wani ba da izininsa ba laifi ne, ko da bai kafa allo ko shinge ba. Ko barewar da ka harba ce ta gudu ta faɗi a ciki, sai ka nemi izini.

Bayan an kashe, nan ne mutane suka fi faɗawa tarko. Akwai takardar shaida a jikin lasisi da maharbi zai sa wa hannu ya cire, sannan ya ɗaura a jikin naman. Zai bar alamar da ke nuna namiji ce ko mace. Dole kuma ya kwashe naman ci: cinyoyi da kafaɗu da naman gadon baya. Wanda ya sare kai don ƙaho ya bar gawa ta ruɓe da gangan ya aikata babban laifi da zai iya kai shi gidan yari.

A 1995 wani ya harbe, ba bisa ƙa'ida ba, wani ƙasurgumin naman daji da mutanen garin Estes Park suka saba da shi, suna kiransa Samson. Fushin jama'a ya haifar da dokar 1998 mai ɗauke da sunan Samson, wadda ta ɗora ƙarin tara a kan kashe manyan dabbobi ba bisa ƙa'ida ba. Ga namijin wannan barewa da tazarar ƙahoninsa ta kai inci 22, ƙarin ya kai dala 10,000. Laifuffukan farauta kuma suna da maki. Wanda ya tara 20 cikin shekara biyar za a iya dakatar da lasisinsa. Tsallakawa wata jiha ba mafita ba ce, saboda yarjejeniyar da Kolorado da Nebada da Oregon suka faro a 1989, wadda kusan duk jihohi suka shiga daga baya, ta sa dakatarwar tana bin mutum. Idan kuma ya ɗauki naman haram ya ƙetare iyakar jiha da shi, ya taka dokar Lacey ta 1900, shari'arsa ta koma hannun gwamnatin tarayya.