Girman zaruruwan hifokamfus da koyon wuri a ɓeraye

Hifokamfus wani sashe ne na ƙwaƙwalwa da dabba ke dogaro da shi wajen gane wuri da tuna hanya. A shekarar 1971 John O'Keefe ya gano cewa wasu ƙwayoyin jijiya na wannan sashe ba sa aika saƙo sai dabbar ta iso wani takamaiman wuri, kuma wannan aiki ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2014 tare da May-Britt Moser da Edvard Moser.

Ɓerayen ɗakin bincike sun dace da irin wannan nazari domin akwai zuriyoyin da aka daɗe ana haɗa su da junansu har gadonsu ya zama kusan ɗaya, kamar C57BL/6 da DBA/2. A cikin hifokamfus akwai zaruruwan jijiya da ake kira mosi, waɗanda ke kai saƙo zuwa wani yanki na hifokamfus ɗin mai suna CA3, kuma wani ɗan reshe daga cikinsu ya fi faɗi a C57BL/6 fiye da a DBA/2 nesa ba kusa ba. Ana auna shi ne bayan an yanka ƙwaƙwalwar sala-sala an rina ta da rinin Timm, wanda ke kama sinadarin zinc da zaruruwan ke ɗauke da shi.

A 1987 Wim Crusio da Herbert Schwegler da Hans-Peter Lipp sun gwada zuriyoyi dabam-dabam a wani dandali mai hanyoyi takwas da suka fita daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, da ɗan abinci a ƙarshen kowace hanya. Duk ɓeran da ya koma hanyar da ya riga ya cinye abincinta, an rubuta masa kuskure. Zuriyoyi masu faɗin reshen su ne suka fi ƙarancin kuskure.

Dangantaka kaɗai ba ta isa hujja ba, shi ya sa gwajin da ya biyo baya ya fi muhimmanci: da aka yi wa jariran DBA/2 allurar tairoksin, sinadarin da wata gaɓa a wuya mai suna tayirod ke samarwa, a kwanakin farko bayan haihuwa, reshen ya ƙara girma, kuma da suka manyanta kuskurensu a dandalin ya ragu. Sai dai tairoksin na taɓa sassan jiki da yawa, don haka ana karɓar sakamakon da hattara.