Waiwaye: likitocin da ke binciken dalilin mutuwar jarirai, daga ina horonsu ya faro?

Akwai wani reshen likitanci da ba kasafai ake jin sunansa ba, su ne masu binciken gawar ɗan tayi da jariri sabon haihuwa da kuma mabiyiya, don su gaya wa iyaye abin da ya kashe musu ɗa. A 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai duk shekara, wato ɗaya a duk daƙiƙa 16, kuma Najeriya na sahun gaba. Amma fa masu wannan ƙwarewar ko a ƙasashen da suka ci gaba ba su da yawa.

In ana maganar mafarin abin dole a ambaci Edith Potter, wata likita a asibitin haihuwa na Chicago a Amurka, wadda tun shekarun 1930 ta duƙufa tana binciken gawar jarirai dubbai a lokacin da yawancin likitoci ke ganin ai ɓata lokaci ne. A 1946 ta yi bayanin jariran da ake haifa babu ƙoda, ta nuna kamannin fuskarsu iri ɗaya ne, daga baya aka gane cewa rashin fitsarin ɗan tayi ke sa ruwan ciki ya yi ƙaranci, shi kuma ƙarancin ruwan ya matse jikinsa ya hana huhunsa girma. Littafinta na 1952 shi ya zama abin karatun masu shiga fannin. Sai wani likitan, Kurt Benirschke, da ya maida hankali kan mabiyiya. A 1990 hukumar patoloji ta Amurka (patoloji shi ne fannin gano cuta ta hanyar binciken nama, jini da gawa) ta fara ba da takardar ƙwarewa ta musamman a ɓangaren yara, kuma tsarin can shi ne sai likita ya gama horon patoloji na shekara 3 ko 4 sannan ya ƙara shekara guda a wannan ɓangaren kawai.

To a Ingila kuma abin ya gamu da babban cikas. A 1999 aka bankaɗo cewa a asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool an yi ta cire gaɓoɓin yaran da suka rasu ana ajiyewa a kwalabe ba tare da iyaye sun sani ba, a ƙarƙashin wani farfesa Dick van Velzen, wasu iyayen sai da suka sake jana'iza har sau biyu ko fiye saboda ana ta dawo musu da sassan 'ya'yansu kaɗan-kaɗan. Wallahi duk mai ɗa ya san zafin wannan. Rahoton binciken ya fito a 2001, aka yi sabuwar doka a 2004 da ta wajabta neman izinin iyaye, amma ɓarna ta riga ta faru, iyaye suka riƙa ƙin yarda, matasan likitoci suka guji fannin, har yau Ingila na kukan ƙarancin waɗannan ƙwararrun duk da sun ware masa layin horo na kansa.

Mu a nan Najeriya, likita mai son patoloji yakan yi horonsa ne ƙarƙashin kwalejin horon manyan likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma, mai son zurfafawa a kan jarirai kuwa galibi sai ya haura waje. Ga kuma yanayinmu, ana rasuwa ake gaggawar suturta gawa, kuma babu uban da zai so a yanka masa jariri. Na fahimci wannan ɗari bisa ɗari. Abin da ke ci min rai shi ne matar da ta yi asara sau uku a jere, a kira ta mai wabi, a yi ta kai ta gidan magani, alhali ƙila hawan jini ne ko tunjere ko maleriya, duk kuwa abubuwan da ake iya magancewa a ciki na gaba.

Kuma amsar sau da yawa tana cikin mabiyiyar da ake binnewa a bayan ɗaki. Ƙwararre zai auna nauyinta, ya auna tsawon cibiya, ya ƙirga jijiyoyin cikinta ko sun cika uku, ya yayyanka mabiyiyar fale-fale yana neman inda jini ya toshe nama ya mutu, sannan a madubin likita ya ga baƙin ɗigon da maleriya ke bari ko alamar ƙwayar cuta ta hau daga gaban uwa zuwa mahaifa. Duk wannan ba a taɓa gawar jariri ba ko kaɗan.

Sai kuma hanyar allura. Shirin CHAMPS, mai binciken dalilin mutuwar yara, da gidauniyar attajiri Bill Gates ta ɗauki nauyi tun 2015, a ƙasashe irin su Mali da Saliyo da Habasha da Kenya, yana amfani da allura ne a ɗebo ɗan nama daga huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, a miƙa wa iyaye gawa yadda take su je su yi mata sutura, kuma iyaye da malamai da dama sun amince bayan an zauna an yi musu bayani. Sai dai naman da aka ɗebo dole sai an samu idon da aka horar ya karanta shi, in ba haka ba sai dai a yi ta tura shi ƙasar waje. Ya kamata asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri kowanne ya tura ko da mutum ɗaya ne ya yi shekara gudan nan ta ƙarin horo, da sharaɗin zai dawo ya koyar da na bayansa.