Maganin testosteron da zuciyar dattijo: tambayoyi da amsoshi

Mene ne testosteron ɗin nan?

Sinadari ne da marainan namiji ke samarwa, shi ke riƙe sha'awa da ƙarfin tsoka da na ƙashi. In mutum ya haura shekara 40 yakan ragu a hankali, wajen kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Wannan raguwar ba ciwo ba ce.

To gaskiya ne maganin ƙara shi yana illata zuciya?

An daɗe ana fargabar haka. A ƙarshen 2009 aka dakatar da wani gwaji a Amurka, saboda tsofaffin da ke shafa maganin sun fi sauran samun matsalar zuciya. Amsa mai ƙwari ta zo a 2023, daga binciken TRAVERSE: maza fiye da 5,000, masu shekara 45 zuwa 80, dukansu masu ciwon zuciya ko masu haɗarin kamuwa da shi. Toshewar jijiyar zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta dalilin zuciya sun sami kashi 7 cikin 100 na masu shafa maganin, da kashi 7.3 na waɗanda aka ba man da ba magani a ciki. Kusan kunnen doki.

Ke nan ba abin tsoro?

Da sauran magana. A binciken nan dai, masu maganin sun fi samun rikicewar bugun zuciya, da gudan jini a huhu, da matsalar ƙoda. Yana kuma iya ɗaga tansiyon, ya kaurara jini, abin da bai kamata mai fama da zafin Afrilu na Damagaram ya raina ba. Abin da aka fi mantawa kuwa: mutanen nan sai da aka auna jininsu sau biyu, aka tabbatar sinadarin ya yi ƙasa, sannan likitoci na bibiyarsu. Alhajin da ya sayi allura a hannun mai talla a Kasuwar Dole, aka tsira masa a bayan shago, ba shi ne aka gwada ba.

Baba na kukan kasala da raunin sha'awa, me za mu yi?

Ku fara kai shi a auna suga da tansiyon, don sau da yawa nan matsalar take. In likita ya ga dalili, sai a ɗebi jini da sassafe, lokacin da sinadarin ya fi yawa, a sake wata ranar, a duba furostat, wato ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kafin a fara komai.

Mai neman haihuwa fa?

Ya guje shi. Maganin na rage ƙwayoyin maniyyi, wani lokaci har su ɗauke gaba ɗaya.