A sauko mata da teburin ƙasa

Wata ma'aikaciyar ofishin albashi ta yi wata 4 tana zuwa wurinmu a asibiti wankin ciwo, bayan ciwon suga ya sa an yanke mata ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ranar da ciwon ya warke na ce mata, "Hajiya, sai komawa aiki ke nan." Ta yi shiru, can ta ce ofishinsu a saman bene yake, bandakin kuma na tsuguno ne. Ogansu ma ya riga ya aiko mata cewa ta yi zamanta a gida ta huta, albashi zai riƙa shigo mata.

A ganinsa tausaya mata ya yi. Ita kuwa ta san abin da ke bin bayan irin wannan hutu. Ba za a tura ka kwas ba, a manta da sunanka ranar jarrabawar ƙarin girma, wata rana sai ka ji an miƙa fayil ɗinka ga kwamitin likitoci don a yi maka ritaya. Alhali hannunta lafiya, ƙwaƙwalwarta garau, kuma ba da ƙafa ake lissafin albashi ba.

Da yawa daga cikin shugabannin ma'aikatu sun ɗauka gyara wa irin su Hajiya wurin aiki alfarma ce, in an ga dama a yi. Ba haka doka ta ce ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyinsu yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Ta ce ma'aikatun gwamnati, gwargwadon iko, su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu naƙasa. Mutumin da aka kama da nuna bambanci yana iya biyan tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, kamfani kuwa naira miliyan 1. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da ke sa ido kan wannan doka, kuma jihohi irin su Filato da Legas da Kano da Kaduna suna da nasu dokokin.

Da an ce gyara, sai hankalin oga ya tafi kan kwangila da lifta. Mu da ke ganin waɗannan mutane kullum mun san yawanci abin bai kai nan ba. Musayar ofishi da na ƙasa ba ta cin ko sisi. Haka ɗaga wa mai sikila ƙafa ya iso da hantsi a lokacin hunturu, tunda sanyi na tayar masa da ciwo, ko ba wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki damar zuwa asibiti gashi sau biyu a mako ba tare da an rubuta masa fashi ba. Makaho mai aiki da kwamfuta akwai manhajar NVDA da ke karanta masa abin da ke kan allo, kyauta ce. Abin da yake buƙata daga abokan aiki shi ne a tura masa takarda a rubuce, a daina ɗaukar hotonta da waya, don manhajar ba ta gane hoto kai tsaye. Kurma kuma a rubuta masa abin da za a tattauna kafin taro, in babban zama ne a nemo mai fassara da maganar hannu.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne gangaren keken guragu. Sau nawa na ga an kwaɓa siminti an lafta a kan matakala, ya miƙe tsaye kamar tsani, an ce an cika doka. Ƙa'idarsa ita ce duk hawan mita 1 zuwa sama a ba shi gangare mai tsawon mita 12, da ƙarfen riƙewa a gefe, kada kuma a shimfiɗa masa tayil mai santsi. Wanda ya fi haka tsayuwa kifar da mai keke yake yi ta baya. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90. Kafin magini ya fara, a kira mai keken ya nuna da kansa, wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ga ma'aikacin da lalura ta same shi: kada ka tsaya a roƙon baki a bakin ƙofar oga. Rubuta takarda ta hannun shugaban sashenka zuwa ga daraktan mulki, ka faɗi ainihin abin da kake so a sauya, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ba dole ba ne kowa a ofis ya san sunan ciwonka, musamman masu farfaɗiya da masu lalurar ƙwaƙwalwa da ake saurin tsangwama. Mu ma ma'aikatan lafiya muna da namu laifin. Rahoton da ya ce kawai "ba zai iya aiki ba" takardar sallama ce muka rubuta wa mutum da hannunmu. A bayyana abin da zai iya da wanda ba zai iya ba: yana iya zama awa 6, ba ya hawa bene, yana buƙatar masai na zama.

Irin wannan rahoton likitanmu ya rubuta wa Hajiya. An ɗan ja ta da "a dawo gobe", amma daga baya aka ba ta wani lungu a ofishin rajista da ke ƙasa, masinja na sauko mata da fayil. Bandakin ne har yanzu ba a gyara ba, kujera mai rami ta sa kafinta ya yi mata da kuɗinta, take ajiyewa a bayan ƙofa.